Malam Namadi, Wanda Ya Sa Sunansa A Kan Aiki

Ni tela ne a kasuwar Bagudo, karatuna bai yi nisa ba, don haka a yi haƙuri da rubutun. Maƙwabcina ne zan yi wa jinjina, Malam Namadi, injiniyan wani ƙaramin kamfani da ke raba mana intanet daga nan har Kende da Matsinkai da Geza. Ƙarshen watan nan zai bar aiki. Ba ritaya ya yi ba, sallamarsa aka yi.

Kullum da safe, kafin in gama sharar shago, ya zo ya zauna a bencina da laftof ɗinsa, ya karɓi shayi wajen Abu mai shayi. Ba ya hira sai ya gama duba na'urorinsa. Rawuta suke ce musu, akwatuna ne da ke nuna wa saƙo hanyar da zai bi. Kowace tana da saitinta, kuma Malam Namadi yana ajiye kwafin saitin jiya ya gwada da na yau. In wani ya taɓa wani abu, zai gani. In taɓawar ta kawo ɓarna, sai ya mayar da na jiya. Da na tambaye shi ya ce mini, “Kamar kai ne, kahin ka yanka yadin mutane ka san yadda za ka maishe shi. Sai dai ni nawa yana mayuwa, naka ba ya mayuwa.”

Mu nan bakin iyaka mun san darajar aikin nan. Wayarka tana aljihu sai ta tsallaka layin ƙasar Binin, saƙo ya shigo maka da Faransanci, kiran gida ya gagara. Intanet ɗin kamfanin nan ne ke riƙe da mu. Makiyayi ya nuna wa mai saye bijiminsa ta bidiyo, ni ma ta nan ake turo mini samfurin ɗinki.

Ga inda matsalar take. A ofishinsu kowa da suna ɗaya yake shiga na'urorin, wani suna na gama-gari da lambar sirri ɗaya, har wanda ya bar aiki ya san ta. Malam Namadi ne kawai ya buɗe wa kansa nasa. Duk abin da ya taɓa sai ya fito da sunansa da lokacin. Ya roƙi sauran su yi haka, suka ce ya cika son wahala.

Asama'u, ma'aikaciyar lafiya a Geza, ita ta ba ni labarin wata ranar damina. Ruwa ya cinye hanya, an kawo mata wata Hamsatu tana naƙuda, jini ya ɓalle, likita yana Birnin Kebbi yana gaya mata abin da za ta yi ta bidiyo. Ana tsakiyar haka hoto ya tsaya. Ni kuma ina shago na ga ɗaya ɓangaren da idona. Da ƙyar kiranta ya shigo wayar Malam Namadi, ina jin muryarta daga inda nake.

“Baba Namadi, intanet ya ɗauke. Matar ga tana hannuna.”

“Ɗiyata, kar ki kashe waya. Bari in ga mi aka taɓa.”

Ya duba, ya ga an canza saitin hanyar Geza daga ofis da sunan nan na kowa. Bai tsaya neman mai shi ba, ya mayar da saitin safe. Shayinsa bai huce ba hoto ya dawo. Hamsatu tana nan da ranta, yarinyarta har ta fara rarrafe, kuma ban jin ta taɓa jin sunan Namadi.

Ban ce ba ya kuskure ba. Akwai wata ranar kasuwa da shi ya ɓata da hannunsa, layin shagunanmu duka ya mutu. Ya gyara, sannan ya bi mu shago shago yana cewa shi ne. Abu ya ce, “To wa ya tambaye ka, Malam? Da ka yi shiru sai mu zagi hadari.” Ya yi dariya ya ce hadari bai yi mishi komai ba.

Bana aka kawo sabon manaja, ya ce a fito masa da bayanin duk ɗaukewar da aka yi. Ya duba, kusa da kowace ɗaukewa suna ɗaya yake gani: Namadi. Sunan da ke wajen ɓatawa ba na kowa ba ne, ba shi da fuska, ba a iya kiransa ofis. Na wajen gyarawa kuwa yana da mai shi. Malam ya nuna masa cewa nasa sunan bayan ɗaukewar yake zuwa, ba kafinta ba. Manaja ya ce shi dai na sama da shi suna son a ba su mutum, kuma mutum ɗaya ya gani. Waɗanda suka san gaskiya suna zaune a ɗakin. Ba wanda ya ɗaga kai.

Malam Namadi, kai ne ka hau babur cikin taɓo don akwatin da ruwa ya shiga. Kai ne wanda in ka yi aikinka da kyau sai a ɗauka ba abin da ya faru. Mai mayar da ɓarna baya, ga taka ɓarnar an yi maka, ba wanda ya ajiye kwafin da za a mayar.

Abin da ya fi ci mini rai, a bencina ka zauna kana miƙa wa Muktar aikin, wanda aka ɗauka a madadinka. Ka nuna masa inda kwafin kowace na'ura yake, ba ka ɓoye ko ɗaya ba. Ka ce ya buɗe nasa sunan. Ya dube ka ya ce, “Baba, in sa sunana ni ma a kore ni?” Ka ci gaba da nuna masa sauran. Ni ma ban ga laifinsa sosai ba, ya ga abin da aka yi maka.

Mun gode, Malam. Asama'u ta ce a gaya maka ta gode, a madadin wadda ba ta san ka ba. Allah ya ba ka inda za a san ka, ya saka maka da abin da mu ba mu iya ba.

Masu aikin hannu kuma, ba zan yi muku ƙarya in ce abin yana da riba ba. Amma ku gwada. Ni na fara ɗinka sunana a cikin wuyan duk rigar da ta fita shagona. Makon jiya wani ya dawo da tasa daga Matsinkai, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ya juya wuyan ya nuna mini. Na ce ni ne. Na ba shi benci, na fara warwara.