Rijiyoyin Salaga da Aka Cire Daga Taswira

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safiyar wata Asabar sojojina suka fara mutuwa da ƙishirwa a tsakiyar Salaga. Na san lokacin daidai domin dokar aikin ke nan: duk abin da ya bayyana a allon kwamfuta wanda bai kwanta miki ba, ki dubi agogo ki rubuta, sannan ki rubuta abin da kika danna kafin ya faru.

Ina aji biyu na sakandare a Bawku a lokacin. Kwamfuta ɗaya ce a makarantar, tana wani ɗan ɗaki bayan laburare, an rufe ta da tsohon zanen tebur. Malaminmu na lissafi, wanda muke kira Masta, ya yi karatu a Turai, kuma wani abokinsa na can yana haɗa wasan yaƙi na kwamfuta. Wasan na zamanin da ne, na dawakai da bindigogin toka, taswirarsa kuwa ƙasarmu ce, daga Bawku zuwa Yendi har Salaga. Mutumin yana neman waɗanda za su yi ta buga wasan kyauta kafin ya fita kasuwa, su tono masa inda ya lalace. Mu shida muka ɗaga hannu. Bayan mako uku ni kaɗai na rage, domin sauran yaƙi suka zo yi, sai suka tarar rubutu ya fi yawa.

Ni kuwa rubutun ne ya yi mini. Ba na son magana a aji, ko sunana aka kira sai muryata ta shige ciki. Amma a ɗakin nan ba mai tambayata komai. In tura runduna ta haye kogi, kwamfuta ta daskare, in kashe in kunna, in sake turawa. Sai abu ya faru sau uku a jere kafin a kira shi kuskure. Na gano cewa in jakunan kaya suka ƙare, wasan yana ci gaba da rage su har su koma ƙasa da sifiri. Na gano wani doki da ke tsayawa a kan ruwa kusa da Garu. Masta yakan tattara takarduna, in ya je garin Bolga ya aika wa abokin nasa ta na'urar faks. Bayan wata guda ko fiye sai sababbin faya-fayan wasan su iso a ƙaramin kwali, in tarar an gyara. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin hakan ƙwarai.

Ranar nan na kama Salaga, na ajiye rundunar ta huta. A wasan akwai wani shuɗin layi mai nuna ruwan da sojoji ke da shi. Sai na ga yana ja da baya, har ya ƙare, mutane suka fara raguwa. Na ɗauka ni ce na yi wauta. Na sake daga farko, sau uku, na gwada da rani, na gwada da damina. Duk ɗaya. A taswirar an shafa wa Salaga launin rawaya, irin na daji marar ruwa.

Kakata mutumiyar Salaga ce. Ta dawo gidanmu a zangon Bawku bayan rikicin da aka yi a yankinsu, da akwati ɗaya da butarta. Tun ina ƙarama, in ta fara labarin garinsu da rijiyoyi take farawa. Na rubuta a takardar makon cewa wannan kuskure ne, garin cike yake da rijiyoyi. Da amsa ta zo, an gyara abubuwa bakwai da na nuna. A gaban na takwas aka rubuta layi ɗaya: an duba, ba kuskure ba ne.

Na faɗa wa Kaka tana tsintar wake a tsakar gida. Da farko dariya ta yi, ta tambaya ko mai wasan ya taɓa zuwa, ko dai a mafarki ya ga garin. Sai kuma ta ajiye faifan.

"Bayi suka haƙa su, 'yar nan, a cikin dutse, da hannu. Wasu ba su sha ruwan ba aka wuce da su. Ki gaya masa in ji ni."

Na ce mata zan sa a gyara. Haka na faɗa, kamar a hannuna yake.

Da aka yi hutu, aka yi rasuwa a danginta, na raka ta. Muka kwana a Yendi wurin wata ƙanwar babana, washegari muka shiga lori, hanya ta girgiza mu har Kaka ta daina magana. Ana zaman makoki ni kuma ina yawo da littafi da fensir. Mata suna ɗibar ruwa suna kallona. Wata ta tambaya da yaren Gonja ko gwamnati ce ta aiko ni, wata ta ce da Hausar zango in gwamnati ce a gaya mata ta kawo famfo, sun gaji da guga. Wasu rijiyoyin bakinsu bai fi faifai ba, wasu ciyawa ta rufe su, wasu sun ƙafe. Na raba su gida uku, masu ruwa da busassu da waɗanda ban tabbatar ba, don kada a ce na ƙara. Na zana inda kowace take, na sa kasuwa da masallaci a matsayin alama. Kwana biyu na yi, ƙafata ta yi kanta.

Masta ya dubi zanen ya ce faks zai ɓata shi, sai ya sa a ambulan ya kai gidan waya. Muka jira har aka shiga damina. Faya-fayai suka zo. Ban tsaya duba komai ba, na tura runduna kai tsaye Salaga. Shuɗin layin ya fara ja da baya. A takardar kuma layin nan ne dai, ba a ƙara ko kalma ba.

Ban taɓa jin fushi irin na ranar ba. Mutumin da ya yarda da ni a kan jakuna, ya yarda da ni a kan doki, ya gyara duk abin da na nuna ba gardama, shi ne bai yarda da ni a kan garin da na taka da ƙafata ba. Ga shi duk Asabar in na koma gida Kaka sai ta tambaya ko an sa ruwan. In ce tukuna. Ta ce Turawa ma ashe suna da nawa.

Na samu Masta a ɗakin malamai, wurin da ban taɓa shiga ba sai an aike ni. Ya ce in yi haƙuri, wasa ne kawai, ba littafin tarihi ba, kuma saura kaɗan a rufe gwaji. Ya ce abokinsa yana yabona, ya ce duk cikin masu gwajinsa babu mai tsabtar aikina. Na tsaya ina kallon ƙasa, malamai biyu suna cin wakye, wato shinkafa da wake, suna jinmu. Sai na ji kaina ina cewa:

"Masta, in wasa ne kawai, me ya sa bai kira garin da wani suna ba?"

Aka daina taunawa. Masta ya cire tabarau ya goge. Na ce ba zan sake taɓa faya-fayan ba sai an gaya mini dalili, ba layi ɗaya ba. Ya ce in rubuta da hannuna, zai aika yadda yake. Na rubuta tambaya guda: in ba kuskure ba ne, mene ne?

Mako biyar ban shiga ɗakin kwamfuta ba. Ranar wata Talata, bayan darasin ƙarshe, Masta ya miƙo mini takardar faks mai santsi, a naɗe, bai dube ni ba. Na karanta a tsaye a baranda.

"Na gode da zanen, na liƙa shi a bangon ofis. Mun san da rijiyoyin, mun gani a littafi tun kafin mu fara. Da farko mun sa wa garin ruwa, sai muka ga duk wanda ya kama shi ba ya sake fita, wasan yana ƙarewa da wuri. Shi ya sa muka cire. Kada ki damu, masu sayen wasan ba za su taɓa zuwa can ba."