Shekarar da Na Cinye wa Ɗanjuma

Ni ɗan Roni ne, kuma kafin in lalace tela ne ni, mai keken ɗinki ɗaya a rumfar kasuwa. Da kuɗin fetur suka shigo, sa'o'ina suka fara hawa babur, sai raina ya biya. Na lura cewa namiji ba ya neman ragi a kan ciwon da yake jin kunyar faɗa. Sai na daka citta da barkono da kanwa, na ɗura a kwalabe, na shiga kasuwannin Kazaure da Babura da sunan mai maganin maza.

A Kazaure wani manomi daga Gwiwa, Ɗanjuma, ya ja ni gefe, kansa a ƙasa.

"Malam, sha'awa ta ɗauke mini gaba ɗaya. Dangin matata Hajara sun kai ni gaban alƙali, ya ba ni shekara guda in nemi magani, in ban warke ba a raba auren. Ina sonta, ita ma ba ta son rabuwa. Yayana ya ce in je asibiti a Kano."

Na ce, "Me asibiti ya sani a nan? Sanyi ne ya kama maka mara."

Kowace kasuwa yana zuwa, ni kuwa launin garin maganin kawai nake canja masa. Shekara ta cika, aka raba auren.

Ba shi ya kai ni ƙara ba. Kanwar da ke cikin maganina ce ta kwantar da wani dattijo a Babura, 'ya'yansa suka kai ni kotu, aka ɗaure ni.

Da na fito, na tafi Gwiwa neman gafara. Ɗanjuma ya ce daga baya ya je Kanon. Likita ya auna jininsa, ya ce akwai sinadarin da jikin namiji ke yi da kansa, mai tayar da sha'awa, kuma nasa ne ya yi ƙasa. Aka ɗora shi kan allura, ya samu lafiya.

Na ce, "Hajara fa?"

"Ta yi aure a Babura, 'ya'yanta biyu." Sannan ya dube ni ya ce, "Na yafe maka, amma kada ka ƙara zuwa."

Wallahi zaman gidan yari bai yi mini zafin wannan ba. Samari, kada ku ci da kunyar mutum. Wanda ya raɗa muku irin wannan lalura, ku nuna masa hanyar asibiti tun matarsa tana gidansa.