Takarda ta Uku ga Mai Gyaran Agogo

Shekara talatin da ɗaya Baba Mai Agogo ya yi a shagonsa mai faɗin tabarma biyu, gilashi maƙale a ido, kai a sunkuye. Ƙa'idarsa ɗaya ce: in ya gyara agogo, sai ya rataye shi a bango kwana uku bai taɓa shi ba, ya ga ko gudu yake ko jan ƙafa. Shi ya sa agogunan bakinsu ba ya zuwa ɗaya. Matarsa kan tsokane shi, wai a shagonsa kaɗai mutum ke makara kuma ya yi sammako.

Bara hukuma ta ce allon shagon ya cika girma, ya rage. Ta ce fentin ƙofarsa ya saɓa da na layin, ya haɗiye fushi ya sake. Ranar Talata sai ga ma'aikaci da takarda ta uku: agogunan suna rikita jama'a, a daidaita su duka.

"Wa ya kai ƙara?" in ji Baba.

"Ba kowa, Baba. Umarni ne."

"Ɗana, wa na cuta? Bangona ne, aikina ne. In na daidaita su, ta ina zan gane mai ciwo?"

Ma'aikacin ya miƙo biro kawai.

Baba bai karɓa ba. Ya cire gilashin, ya nuna ƙaton agogon da ke saman ofishin hukumar a tsallaken titi.

"Wancan naku shekara shida ke nan yana kan tara da kwata. Ku fara da shi!"