Gorar Rijiyar Sadakici

Sadakici mai awara ba ya gardama da kowa sai a kan ruwa. Ka kushe wakensa, zai yi dariya. Ka ce hancinsa ya cika girma, zai ce gado ne. Amma ka kuskura ka ce ruwan famfo da na rijiya duk ɗaya ne, to ranar ka koma gida da kwano fayau. Shekara talatin da ɗoriya yana jan guga a rijiyar da kakansa ya haƙa a bakin shagonsu a birnin Osaka.

Sai ga shekarar da magajin gari ya ce za a faɗaɗa titi, a haƙa wa jirgin ƙasa hanya a ƙarƙashinsa. Ma'aikata suka ja igiya suka auna, layin ya ci rumfar shago, ya haɗa da rijiya. Unguwa ta yi ta kumfar baki. Sadakici kuwa abu ɗaya ya roƙa. Kowa a garin nan ya san ba a toshe rijiya ruf. Akwai wani ruhi mai tsaronta a ciki, sai an kafa sandar gora mai huda har ƙasa ya riƙa numfashi, a bar ta ta ruɓe da kanta, lokacin ya riga ya fita salin alin.

Injiniyan aikin ɗan boko ne, takalminsa na ƙyalli. Ya saurara, ya ce, "Baba, nan daɓen dutse za a yi wa masu tafiya a ƙasa. Gora a tsakiyar hanya? Babu ita a zane."

"To a sa ta mana, ranka ya daɗe. Ba hannu ne ya yi zanen ba?"

Injiniya ya duba agogo ya wuce.

Kai, Sadakici ya shiga wani hali! Awararsa ta fara fitowa da ɗaci. Matarsa Mine ta ce, "Maigida, kai da ba ka iya kashe kyankyaso, yanzu kai za ka yi faɗa da hukuma?" Ya ce shi ba faɗa yake ba, tsoro yake ji. Wanda ya shayar da gidansu tun kaka da kakanni, a ce a hannunsa za a shaƙe shi?

Ya je wurin mai unguwa Hiramatsu, tsoho mai kunne ɗaya da ke ji, kuma sai abin da ya ga dama. Hiramatsu ya karɓi takardar aikin ya yi ta juya ta, har shayinsa ya huce.

"Waɗannan ɗige-ɗigen fa?"

Sadakici ya ce an ce itatuwa ne za a jera a gefen titi.

"Shashasha! Ka taɓa ganin an dasa ƙaramin itace ba a kafa masa matokari ba?"

Sau biyar tsohon nan yana sa rigar fita yana zuwa ofis, yana sunkuyawa har bayansa ya ƙage. Bai ambaci rijiya ko sau ɗaya ba. Cewa kawai yake mutanen unguwarsa sun ba da gidajensu ba tare da rigima ba, suna roƙon a matsar da itace ɗaya taku huɗu, inuwa ta samu tsofaffi. Don su huta da shi, suka matsar, itacen ya faɗo daidai bakin rijiyar.

Ranar cike rijiya aka zuba gishiri da giyar shinkafa bisa al'ada, aka kafa gora, aka dasa itace a gefenta aka ɗaure su tare. Injiniya ya zo wucewa, ya tsaya, ya leƙa bakin gorar ya ga rami. Ya ɗago ya dubi Sadakici. Can ya ce, "Matokarin nan ya yi kyau," ya gyara hula ya tafi.

Jirgi ya fara gudu, mutane na tururuwa ƙarƙashin ƙasa kamar ana rabon abinci. Sadakici ya koma ruwan famfo, yana tsaki yana tace wake. Kullum in ya rufe shago sai ya tsallaka ya ɗora tafin hannu a bakin gorar. Ya ce yana jin sanyi-sanyi na fitowa. Mine ta ce iskar jirgi ce, ya ce ta yi masa shiru.

A damina ta shida ya je ya tarar gorar ta karye daga gindi, ta yi baƙi, ta marmashe. Abin da ake so ke nan, ya ma aika aka gaya wa Hiramatsu an gama lafiya. Amma da ya dawo gida sai ya zauna a bakin ƙofa bai cire takalmi ba. Mine ta ce, "Haba maigida, ba abin da ka yi ta nema ke nan ba?"

Ya ce, "Shi ne. Hanyar fita na nema masa. Ni dai ban taɓa kawowa a raina zai fita ɗin ba."

Mine ta zauna kusa da shi, har wata mata ta zo sayen awara ta yi ta sallama.