Dami Ya Wuce, Buhu Ya Tsaya

Har gobe ban manta da ranar da muka tare amalanken Malam Idi a iyakar Mai'adua ba. Lokacin ina ƙaramin sufeton kwastan, kaka ta yi, ga umarni daga sama: kada ƙwayar hatsi ta fita daga ƙasar nan. Shugabanni na ta ja-in-ja da maƙwabta kan tattalin arziki, kowa na son rumbunsa ya fi na wani cika. Ban ƙi umarnin ba, don na ga yadda 'yan fasa-ƙwauri ke kwashe gero farashi ya hau.

Malam Idi dattijo ne, gidansa na tsallake cikin Nijar, gonarsa ta gado kuwa a ɓangarenmu. Dammunan geron da ya noma ya ɗauko zai kai gida. A ƙa'ida, duk abin da aka kama ya shiga ma'ajiyar hukuma, to sai dai gwanjo. Abincin iyalinsa na shekara ke nan.

Bai roƙe mu ba. Cewa ya yi, "Ɗana, wace ƙasar na yi wa sata?"

Maganar ta tsaya min a rai. Na sami shugabanmu, mutum mai tsoron takardar tuhuma kamar maciji, na ce, "Yallaɓai, ɗan kasuwa sussukakke yake ɗauka a buhu. Wa zai yi safarar gero da zangarniyarsa? Dami na rumbu ne."

Ya ce, "Umarni bai ce dami ko buhu ba."

"Amma don 'yan kasuwa aka yi shi."

"In aka tambaya, wa ya sake shi?"

Na ce, "Ni."

Na ɗage shingen da hannuna. Tambayar kuwa ta zo, na amsa a rubuce ban janye ko kalma ba, aka mayar da ni garin Mashi, ƙarin girma ya wuce ni a wannan zagayen. Na ji zafi, ba zan ɓoye ba. Sai daga baya na ji abokan aikina sun mai da abin da na yi al'ada: dami ya wuce, buhu ya tsaya.

Ku matasan kwastan, ku tsare arzikin ƙasarku da gaske, aikinmu ke nan. Amma manya daga nesa suke gasarsu, ku ne a bakin shinge. Kafin ku kama kaya, ku duba ko riba ce a ciki ko tuwon yara.