Rubutun Ƙasan Hoton Habu

Jama'a, yau na ji abin da ban so ji ba!

Ɗana Habu, da ya tafi Aljeriya tun shekarar fari, ya sake hoto a waya. A ƙasa ya rubuta "ubi bene ibi patria". Lakwal ɗina, wato boko, bai yi nisa ba, sai na kai wa mushe Idi, malamin lakwal, a kasuwar Mayahi.

Ya ce, "Malam, wannan ba Faransanci ba ne, Latin ne!" Ya latsa wayarshi, ta maida shi Ingilishi. Wani Bakatsine mai jin Ingilishi ya leƙa ya ce, "Wai inda ka ji daɗi, nan ne garinku."

Ni da nake jiran Habu mu yi shuka!

A gida uwarshi ta tambaye ni ma'anar rubutun. Na ce addu'a ce. Ta ce, "Amin."