Yatsan Da Na Bari A Asibiti

Shekara huɗu da wata uku ke nan rabona da gida. Wata bakwai kuma rabona da in rubuta komai a nan. Na ji wasu na cewa na samu duniya na manta da mutane. Jinya na yi.

Ga wanda bai san ni ba, Bello sunana, daga wani ƙauye a bayan Jada, can Adamawa. Ɗinki ne ya kawo ni Kano. Ɗaki ɗaya nake haya a Jakara. Matata da 'ya'yana biyu suna gida wajen Inna.

A lungunmu ana ciyayya. Bayan magariba kowane magidanci ya fito da kwanonsa, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Baba Ɗanlami, wani dattijo mai ɗinkin takalma a kasuwar Kurmi, a ci tare. Satin da na tare ya kira ni, na ce na ƙoshi. Gaskiyar magana, ba ni da kwanon fitarwa, kuma ba zan iya zura hannu kullum a tuwon matan wasu ba. Ya kira har ya gaji.

Sai na maƙale wa teburin mai shayi. Da safe burodi da shayi, suga cokali huɗu. Da rana fanke da lemon kwalba, ina kan keken ɗinki. Da yamma taliyar leda. Haka na yi shekara huɗu.

Ƙishirwa ce ta fara zuwa, sai yawan fitsari, sai rama. Na ce zafin Kano ne. Ramin allura ya daina ganuwa, na ce tsufa ne.

Wata rana ƙusa ta soke ni a ƙaramin yatsan ƙafar hagu. Ban ji ba. Jini na gani a takalmi. Sati uku ina barbaɗa maganin kemis, har ya fara wari.

Wajen alwala Baba Ɗanlami ya gani. Ya ce, "Malam Bello, uban wa kake ɓoye wa wannan? Tashi mu tafi."

A asibiti: kati, gwajin jini, gwajin fitsari, hoton ƙafa. Likita ta ce, "Ciwon suga ne, kuma ya daɗe a jikinka. Yatsan nan ya riga ya mutu. Ƙafar muke ƙoƙarin cetowa."

Da ƙafar nan nake taka keke. Da ita ake ci a gidanmu.

Kwana ashirin da shida na yi a kwance. Allurar insulin safe da yamma, wankin ciwo kullum. Kowane gado da mai jinya a gefensa, da fulas da kwanuka. Ni kuwa duk nas ɗin da ta karɓi aiki sai ta tambaya, "Ina mai jinyarka?" Har na koyi ba su amsa da cewa ya fita.

Abokan sana'a sun zo sau ɗaya, da katan ɗin lemo da madarar gwangwani. Na ji haushi. Amma abin da ake kai wa maras lafiya suka kawo, kuma ni ne ban gaya wa kowa ciwona ba. Na ba maƙwabcin gadona.

Keke biyu gare ni. Ɗaya ya tafi a magani da aikin tiyata.

Inna kuwa, a waya na ce mata zazzaɓi ne. Ta ce, "Muryarka ta mai yunwa ce, Bello."

Ranar sallama likita ta tambaye ni, "Wa ke dafa maka abinci?" Na ce babu. Ta ajiye biro. "To ka sha maganinka, ka sayi tukunya. In ka koma teburin nan, zuwa na gaba ba yatsa za mu cire ba."

Ban taɓa hura wutar girki ba. Hajiya Uwani, matar Baba Ɗanlami, ita ta koya mini daga cikin soro, ina tsaye a waje da sanda. "Ka jiƙa waken tun safe. Albasa, tattasai, daddawa. Manja cokali ɗaya, Malam Bello, ba wanka za ka yi masa ba. Alayyahu sai ka zo saukewa."

Faten farko ya kama. Na ci abina ni kaɗai, ƙofa a rufe, ruwan sama na dukan kwanon rufi.

Damina ta rufa mini asiri, ganye ya yi araha. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, rama, ɗanyar kuɓewa. Da kaka ta shigo na koma miyar taushe da kabewa, tuwon dawa malmala ɗaya kamar dunƙulen hannuna. Duk sati in je wankin ciwo, in ƙi kallon wurin.

A wata na huɗu likita ta buɗe bandeji ta ce, "Ya rufe."

Ran nan na cika kwano da faten wake na fita. Wani ya ce, "A matsa, amarya ta fito da girki!" Wani ya ɗanɗana ya ce, "Gishiri ya yi tsada ne a Adamawa?" Baba Ɗanlami bai ɗago ba, ya matsa mini a tabarma ya ce, "Shekara huɗu muna jiran kwanon nan."

Na gode wa Allah. Na gode wa likita da nas-nas, da gidan Baba Ɗanlami.

Kai da ke zaune a garin da ba naka ba: in ƙishirwa da fitsari sun yi yawa, je a gwada jininka. Duba ƙafarka kullum. Abinci ba ya maye gurbin magani, ka haɗa su. In an kira ka ciyayya ka je, ko da albasa za ka riƙa. Mai zuwa dubiya kuma ya tambaya kafin ya sayi lemo.

Har yanzu ban je gida ba, ban kuma gaya wa Inna gaskiya ba.

Ga abin da na tsira da shi: ƙafa biyu, yatsu tara, keke ɗaya, tukunya ɗaya, kwano ɗaya.